Filin Noma: Yadda Ake Jan Kakar 'Ya'yan Murtsunguwa Ta Wuce Lokacinta

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan shuka guda, murtsunguwar nan mai faɗi da ake shan 'ya'yanta. Alhazai sun san ta a Ɗa'ifa da sunan barshumi. A Masar da Sudan tin shauki ake ce mata, a Maroko da Tunisiya da Libiya hindi, a Habasha da Eritiriya kuma beles. Asalinta ƙasar Meziko. Abin da mutane ke kira ganyenta ba ganye ba ne, reshe ne da ya baje, don haka a nan za mu riƙa ce masa faifai saboda kamarsa. 'Ya'yan suna jeruwa ne a bakin faifan. Kada a haɗa ta da tinya ko ƙyarana: waɗancan farin nono mai dafi suke fitarwa in an yanke su, ita kuwa ruwanta yauƙi ne irin na kuɓewa.

Tambaya: A nan barshumi yakan cika kasuwa a tsakiyar zafi, ya yi araha, bayan 'yan makonni ya ɓace. Amma an ce mini a Italiya har watan Nuwamba suna tsinkar sabo daga gona, manya-manya. Wani iri ne daban gare su, ko ajiya suke yi?
Daga wani Alhaji mazaunin Jidda

Amsa: Alhaji, ba iri ba ne, ba kuma ajiya ba ce. Dabara ce da manoman tsibirin Sisili na Italiya suke yi tun ƙarni na 19, suna kiranta iskozolatura. A aikace, kakkaɓe huda ke nan.

In an bar shukar da halinta, a Sisili takan yi huda daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, 'ya'ya su nuna a Agusta. Su ake kira agostani, wato 'yan Agusta. Illarsu, na kowa lokaci guda yake nuna, ga kankana da sauran kayan marmari sun cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. To, maimakon haka sai manomi ya shiga gona daidai lokacin da fure ya fara buɗewa, ya cire komai: furen da ya buɗe, wanda bai buɗe ba, har da sabbin faya-fayan da suka tsiro a shekarar. Da hannu ake yi, an sa safar hannu mai kauri, a kama a murɗe daga gindi, wasu kuma da ɗan sanda suke bugewa. Gonar da jiya ta cika da fure ruwan ɗorawa, yau sai ka gan ta kore zalla, ƙasa ta rufe da abin da aka zubar. Wanda bai sani ba zai ɗauka ɓarna aka yi.

Ga dalilin da ya sa ba ɓarna ba ce. A jikin kowane faifai akwai idanu, wuraren nan da ƙaya ke fitowa. Daga cikinsu fure ko sabon faifai ke tsirowa. Ba duka suke farkawa a hudar farko ba, saura suna kwance, domin waɗanda suka riga suka fito sun danne su, sun kuma janye abincin da shukar ta tara. Da zarar an cire na farkon, sai na kwancen su motsa. Cikin kamar mako biyu za a ga sabon toho, bayan kwana 30 zuwa 40 da kakkaɓa ya yi fure, 'ya'yan su nuna a Oktoba da Nuwamba. Waɗannan su ake kira bastardoni.

Girman da aka ba ka labari gaskiya ne. Huda ta biyu ba ta kai ta farko yawa ba, saboda haka kowane ɗa yana samun kaso mai tsoka. Sannan suna girma ne a hankali lokacin da zafi ya fara sauka, ga ruwan da ake ba su. Tsokarsu ta fi yawa in an kwatanta da ƙwallayen ciki, jikinsu ya fi tauri, sun fi jure tafiya. Garuruwan da suka shahara da wannan su ne San Kono, da ƙauyukan gindin dutsen Etna, da Santa Margarita ta kwarin Belice. Na Etna ma Tarayyar Turai ta ba su rajistar kare sunan asali tun 2003, na San Kono a 2013. Iri uku suke nomawa: mai ruwan ɗorawa, wanda ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba, sai ja, sai fari.

Tambaya: Malamai, wace rana ce ta fi dacewa a kakkaɓe hudar? Na ga wasu sun rubuta farkon Yuni, wasu ƙarshensa.
Daga wata ɗaliba mai karatun aikin gona

Amsa: Malama, ajiye kalandar tukuna. Ba rana ake dubawa ba, fure ake dubawa. Yuni ɗin da kika gani lokacin furen Sisili ne. A Afirka ta Kudu, inda damina da rani suke a juye, wajajen Oktoba ake yin wannan aikin.

Mataki uku ne, kowanne da sakamakonsa. In aka cire tohon kafin ya buɗe, shukar ba ta kashe ƙarfinta ba tukuna, don haka huda ta biyu takan fito da yawa, amma jinkirin da za a samu kaɗan ne. In aka jira har fure ya buɗe sosai, 'ya'yan za su nuna bayan waɗancan da kwana 15 zuwa 20, yawan ya ɗan ragu. In kuwa aka bari har furen ya bushe ya zube, ɗa ya fara kamawa, jinkirin yakan kai kwana 30 zuwa 40 a kan na farkon, amma huda ta biyu tana iya raguwa da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Wato duk ranar da aka ƙara a kan jinkiri, da 'ya'ya ake biyanta.

A ganinmu amfanin wannan sani ba zaɓen mataki ɗaya ba ne. Manomi mai lissafi yakan raba gonarsa. Wani sashe ya bar shi ya yi 'ya'yan farko, domin a samu abin sayarwa da wuri da kuɗin biyan ma'aikata. Wani ya kakkaɓe kafin buɗewar fure, wani a tsakiyar fure, ɗan ƙaramin sashe kuma a ƙarshe. Girbin da da zai zo masa a dunƙule cikin mako uku ko huɗu sai ya miƙe wata uku ko fiye. Wannan ya fi sauƙi ko ta fuskar 'yan ƙwadago, domin tsinkar wannan ɗan itace aiki ne mai cin lokaci, ba a yin sa da gaggawa.

Abu ɗaya da ba a yi: a kakkaɓe rabin shuka a bar rabi. Furen da aka bari zai ci gaba da danne idanun da ake so su farka. A raba ta layi-layi, kowace shuka ko a cire mata duka ko a ƙyale ta.

Tambaya: Ina aiki a wata gona kusa da Tarabulus. Bara maigidana ya sa muka cire furen layi shida kamar yadda ya ga ana yi a Tunisiya. Abin da ya fito sai faya-fayai birjik, fure ɗai-ɗai. Ya yi asara, har yanzu ba mu san inda muka kuskure ba.
Daga wani matashi ɗan Damagaram

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar masa da alheri. Abin da ya gani a Tunisiya gaskiya ne, manoman Bu Argub a yankin Nabul suna yin haka kuma yana yi musu. Ka zauna da maigidanka ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, da wuya ku rasa mai laifin a cikinsu.

Fara da sabbin faya-fayai. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Mutum yakan cire fure, ya ji tausayin sabbin faya-fayan nan masu taushi ya bar su, yana ganin su ne za su yi 'ya'ya baɗi. Alhali su ma suna shan abincin shukar, suna kuma hana idanu farkawa kamar yadda fure ke yi. Gwajin da aka yi a Sisili ya nuna gwargwadon yawan da aka bari, gwargwadon raguwar huda ta biyu. In ma za a bari, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Babu abin tsoro a cire su, tare da huda ta biyu wasu sabbi za su fito, su isa ɗaukar 'ya'yan baɗi.

Sai lokaci. In kun bari har fure ya zube kafin ku shiga, amsar da muka ba ɗalibar nan ta sama ta shafe ku. A wurinku ma abin ya fi tsanani, saboda zafi. Tohon da ke fitowa cikin tsananin zafi, sama da digiri 35, ya fi karkata ya zama faifai maimakon fure. Jinkirin mako biyu a gabar Libiya yana iya jefa farkawar idanu cikin irin wannan zafin. Kalmar da ka yi amfani da ita, faya-fayai birjik, ta sa mun fi zargin wannan.

Sai ruwa. A ƙasar da ta bushe ƙamas, shukar da aka kakkaɓe ba ta da abin da za ta tura sabon toho da shi. Ana ba ta ruwa sosai a ranakun kakkaɓa, musamman a jigawa mai rairayi. Gonar da ba ta da hanyar ban ruwa ko kaɗan, gara a bar ta da 'ya'yan farko.

Sai shekaru da ƙarfin shukar. Wadda ba ta kai shekara huɗu ba jikinta take ginawa, in aka kakkaɓe ta faifai za ta mayar. Wadda ta yi 'ya'ya fiye da kima bara ba a rage mata ba, ba a kuma ba ta taki ba, ta shigo shekarar a gajiye. Akwai alama mai sauƙi: ka latsa faifan bara tsakanin yatsunka. In ya cika ya yi kauri, akwai ajiya a ciki. In ya yi siriri yana yamushewa, babu.

Na ƙarshe inuwa. Kusan duk 'ya'yan a kan faifan bara suke fitowa, wanda ke can waje rana na dukansa. Faifan da ke cikin duhuwa ba ya huda. Shukar da aka bari ta cunkushe, faifai a kan faifai, sai an yi mata aski: a cire na ciki, da masu taɓa ƙasa, a bar faifai biyu a kan kowace uwa, tsayin kuma kada ya wuce mita biyu.

Tambaya: Ni dai zubar da hudar farko ya tsaya mini a rai. Babu hanyar da mutum zai ci girbin farko, ya kuma sami na biyu?
Daga wani manomin rani

Amsa: Akwai, Malam, kuma da taki da ruwa ake yin ta. Masu bincike a hamadar Nakab ta Isra'ila ne suka fi yin aiki a kanta, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. Ana barin shukar ta yi 'ya'yan zafi yadda ta saba. Da gama girbi, ba tare da ɓata lokaci ba, sai a ba ta sinadarin naitirojin kimanin kilo 120 a hekta, tare da ruwa kimanin milimita 100. Wannan yakan tayar da sabon toho a kaka, a wannan karon har a kan faya-fayan shekarar da suka riga suka ƙosa, 'ya'yan su nuna a cikin sanyi, daga Disamba zuwa Maris.

Bari mu mayar da lissafin yadda za ka auna shi. Yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinta ne naitirojin, saboda haka kilo 120 yana nufin yuriya kilo 260, buhu biyar na kilo 50 da ɗan ɗori. In akwai shuka 400 a hektar, kowace za ta sami giram 650. Ba a zuba shi tashi ɗaya a gindi. A raba shi biyu ko uku, a narkar a ruwan ɗigo-ɗigo, ko a barbaɗa a kewaye nesa da gindi a bi da ruwa nan take. Saiwoyinta a sama-sama suke, galibi cikin santimita 30 na farko, suna bazuwa nesa, kuma taki mai yawa a wuri ɗaya yana ƙona su. Milimita 100 kuwa lita miliyan ɗaya ce a hekta, wato lita 2,500 ga kowace shuka a wancan lissafin.

Kada ka sa rai da girbi biyu masu kai ɗaya. Na sanyin yakan tsaya a kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na girbin zafi. Ɓawonsa ya fi kauri, zaƙinsa bai kai ba, kuma inda ake sanyi mai daskarar da raɓa furen yakan mutu. Abin da ke biyan wahalar shi ne ya zo lokacin da babu kowa a kasuwa. Kuma kwaɗayi mabuɗin wahala: wanda ya ninka takin yana neman ƙari, faya-fayai zai samu da 'ya'ya masu laushi da ba sa yin launi, ba sa kuma jure ajiya.

Tambaya: In cirewa sau ɗaya tana kai girbi Nuwamba, me zai hana a cire sau biyu?
Daga wani mai karatu a Kumasi

Amsa: An gwada a Sisili, kuma ya yi. Aka cire a farkon Yuni, aka sake cire huda ta biyu a ƙarshen watan, ta uku ta yi fure a Agusta. Sai dai kafin 'ya'yan su ƙosa sanyi ya shigo, girma ya tsaya, dole aka lulluɓe layukan da rumfar leda a ƙarshen kaka kafin suka nuna tsakanin Janairu da Maris. Huda ta ukun kaɗan ce ƙwarai, ga kuɗin leda, ga gajiyar da shukar. Aikin mai kasuwa ta musamman ne, ba mu ba ƙaramin manomi shawarar sa ba.

Akwai hanyar da ta fi wannan arha, ba a kuma cika kula ta ba: haɗa iri. A yankin Sidi Ifni na Maroko suna da iri biyu marasa ƙaya, Isa da Musa. Isa yana nuna a tsakiyar zafi, Musa kuma daga Satumba har zuwa Disamba, ba tare da an cire fure ko ɗaya ba. A Meziko ma haka, irin da ake kira Reyna na riga, irin Burrona na zuwa a baya kuma tana daɗewa ba ta lalace ba. Wanda zai kafa sabuwar gona, tun ranar dashe ya kamata ya yi wannan lissafin, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Huda ta biyu ta fito mana da kyau, amma 'ya'yan sun zo ƙanana, da aka yi ruwan sama kuma da yawa suka tsage. Me ya jawo?
Daga wani mai kula da gona a Aljeriya

Amsa: Ƙanƙanta daga rashin cira ne. Yadda ake cirar gero a bar ƙwarara, haka ake yi wa wannan. Faifai ɗaya mai ƙarfi yana iya jera toho ashirin ko fiye a bakinsa. In kana son ɗa mai giram 120 zuwa sama, wanda shi ne girman da manyan kasuwanni ke nema, kada ka bar fiye da shida a faifai, da tazara tsakaninsu yadda ba za su gogi juna ba. Lokacin yin sa daga buɗewar fure ne zuwa mako biyu bayan ɗa ya kama. Wanda ya jira har wata guda ya rage yawa ne kawai, girman ba zai ƙaru ba.

Tsagewa kuma daga ƙishi ne da ƙoshi a jere. Ɗan da ya sha fari ɓawonsa yakan yi tauri ya daina miƙewa. Ruwa mai yawa na sauka, tsoka ta kumbura da sauri, ɓawo ya fashe. Maganinsa kada a bar ƙasar ta bushe sarai tun farko. A Sisili sukan ba da ruwa sau biyu ko uku a tsawon girman 'ya'yan, jimilla milimita 60 zuwa 100: ɗaya bayan fure, ɗaya lokacin da tsoka ta fara cika. Dab da girbi a janye hannu, domin ruwan ƙarshe yana tsarma zaƙi.

Ka kuma sa ido kan ƙudan 'ya'yan itace na yankin Bahar Rum. Girbin kaka yakan faɗo daidai lokacin da ya fi yawa. Macen tana huda ɓawo ta sa ƙwai, waje lafiya lau, ciki tsutsa. A rataya tarkuna tun 'ya'yan suna kore, a kuma kwashe duk wanda ya tsage ko ya faɗi a binne shi da zurfi, kada a bar shi a gindin shuka.

Tambaya: Shin duk wannan zai yiwu a ƙasarmu? Ina da fili a bayan gari, ina sha'awar gwadawa.
Daga wani ma'aikaci mai shirin ritaya a Katsina

Amsa: Ranka ya daɗe, rayuwar shukar daban, yin 'ya'yan kirki daban. Mutane suna ganin murtsunguwa sai su ce ai ta hamada ce, zafi ba ya damunta. Asalinta kuwa tuddan Meziko ne masu sanyin dare. Da dare take buɗe ƙofofin jikinta ta shaƙi iskar da za ta haɗa abinci da ita in rana ta fito, kuma ta fi yin haka in daren yana wajen digiri 15, rana wajen 25. Daren Afrilu da Mayu a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi ya yi mata zafi ƙwarai. Hunturu yana da sanyin daren da take so, amma iskarsa a bushe take, sai an taimaka da ruwa. Damina kuma, in ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu uku, ruɓewa take yi. Wurare masu tudu irin su Jos da Mambila da duwatsun Abzin sun fi kusa da abin da take so.

In za ka gwada, fara da layi biyu ko uku, ba hekta ba. Nemi iri marar ƙaya daga shukar da ka ga 'ya'yanta da idonka. Yanke faifan bara daga gaɓa, ajiye shi a inuwa mako biyu zuwa huɗu har bakin yankan ya bushe, sa'an nan ka dasa a kan kunya mai tudu, ka binne kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Mita biyar tsakanin layuka, huɗu tsakanin shuka. Ka killace, domin awaki ba sa raga wa marar ƙaya. Daga shekara ta uku za ka fara ganin 'ya'ya.

Daga nan sai littafi da biro. Shekara biyu a jere ka rubuta ranar da toho ya fito, ranar da fure ya buɗe, ranar da ɗa ya nuna. Tsakanin fure da nuna yakan ɗauki kwana 70 zuwa 90 a zafi, ya haura 120 a sanyi. Da wannan rubutun za ka san abin da kake son gusarwa da inda kake son kai shi. A wurinka burin shi ne 'ya'ya su kauce wa ruwan Agusta mai tsaga su, su nuna bayan ɗaukewar damina, sannan sabon toho kada ya faɗa cikin zafin bazara. Ranar da za ka fara kakkaɓa, yi wa shuka biyar ka bar biyar kusa da su don kwatanci.

Roƙo ɗaya muke yi da babbar murya: kada ka sa a kawo maka faifai daga ƙetare a cikin kaya. Akwai ƙwaron koshinil, wanda ke manne wa faifai kamar ɗigon auduga, in ka murtsuke shi ya yi ja kamar jini. An fara ganin sa a Maroko a 2014, a yankin Sidi Bannur, cikin 'yan shekaru ya cinye gonaki masu ɗimbin yawa, har sai da cibiyar binciken noma ta ƙasar ta tantance iri takwas masu jure masa aka koma dasa su. Wani ɗan'uwansa da aka shigar Tigrai ta Habasha da niyyar samar da rini ya yi wa beles irin wannan ɓarnar, a yankin da talaka ke dogara da shi a watannin yunwa. A kan faifan dashe yake tafiya. Haka nan a guji irin daji masu ƙaya, sun zama annoba a makiyayar Laikipiya ta Kenya.

Tambaya: Ni ba manomiya ba ce, saye nake yi ina sayarwa. Yaya zan yi ya daɗe a hannuna? Na sa a firji ya yi tabo-tabo.
Daga wata Hajiya 'yar kasuwa a Omdurman

Amsa: Hajiya, firjin ne ya yi masa. Firjin gida yakan sauka wajen digiri 4, shi kuwa wannan ɗan itace ƙasa da digiri 5 ko 6 sanyi yana ƙona masa ɓawo, ya yi ƙananan ramuka masu launin ƙasa, daga nan ruɓa ta shiga. Abin da yake so digiri 6 zuwa 8 ne, da danshi kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari. A haka yakan yi mako uku zuwa huɗu. In firjin gida kaɗai gare ki, rage masa ƙarfi, ki sa su a aljihun ƙasa na kayan miya, cikin leda mai huji.

Amma rabin ajiyar tun a gona ake yin ta, don haka ki san abin da za ki duba wajen saye. Juya gindin ɗan. In an murɗe shi ne aka fizge, za ki ga rami a buɗe ko ɓawo ya yage, ta nan ruɓa ke shiga, kwana kaɗan zai yi. Wanda aka yanke da wuƙa mai kaifi aka bar ɗan guntun faifai manne a gindinsa, shi ne na ajiya. Guntun nan yakan bushe ya zama marfi, musamman in an shanya 'ya'yan a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu. Ki zaɓi wanda launinsa ya fara juyawa, jikinsa da tauri, ramin kansa inda fure ya zauna ya kusa cikewa. Kada ki sayi ɗanye shar da niyyar ya nuna a gida kamar ayaba ko mangwaro. Ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, yadda aka cire shi haka zai zauna.

Ƙananan ƙayoyin nan masu kama da ƙaiƙayi su ma suna da hannu a lalacewa. In 'ya'yan suna gogar juna a buhu, ƙaiƙayin yana huda ɓawonsu. Shi ya sa ake tsinka da sassafe lokacin da raɓa ta jiƙa shi bai tashi a iska ba, a baje a kan ciyawa ko tabarma a share da tsintsiya mai laushi, a jera a kwali ko kwando mai faɗi, kada ya wuce hawa biyu ko uku. Masu ajiya da yawa sukan tsoma su a ruwan zafi na digiri 50 zuwa 55 na minti uku zuwa biyar, su bar su su bushe sarai kafin a kai ɗakin sanyi. Wannan yana rage ruɓa, yana kuma sa su jure sanyin. Sai da ma'aunin zafi ake yi, ba da yatsa ba, domin in ruwan ya zarce haka dafa ɓawon zai yi.

Inda babu wuta, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ɗaki mai iska da duhu, a jera su ɗai-ɗai ba mai taɓa wani, a riƙa dubawa kowace safiya ana fitar da wanda ya fara laushi. Wanda kika riga kika fere kuwa na ranar ne, ko washegari in yana cikin sanyi a rufe.